Dogon Dare da Cikin Godiya: Melatonin a Tarihin Dawakin Ƙasar Gwandu

Ranar 21 ga Yuni, 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta gamu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tabkin Kwatto, kusa da Gudu. Gobirawa sun zo da barade da 'yan lifida, ga kuma Abzinawa da suka kawo musu gudummawa. Jama'ar Shehu, waɗanda ƙanensa Abdullahi ya jagoranta, dawakinsu ba su wuce 20 ba, kamar yadda marubutan jihadin suka ruwaito. Maharba ne suka ci yaƙin da kwari da baka, kuma cikin ganimar da aka samu a ranar, dawaki na daga cikin mafi daraja. A 1805 Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi, Shehu ya sauka a Gwandu. A 1812 ya raba kula da daula biyu, ya ba wa Abdullahi yamma, ya ba wa ɗansa Muhammadu Bello gabas. Kafin a yi nisa, daular da ta fara da dawaki 20 ta zama daular da ake auna ƙarfin kowane sarki a cikinta da yawan dawakin da zai iya fitarwa.

Sai dai doki ba takobi ba ne da za a ba maƙeri ƙarfe ya ƙera ɗari cikin wata guda. Godiya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 340, wato wata 11, ta haifi ɗa ɗaya. Duƙushin kuma sai ya yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya iya ɗaukar sirdi da barde. Bayan wannan, godiya tana da lokacin da take karɓar ingarma da lokacin da take harbinsa. Abin da ke tsara wannan lokaci a jikinta sai a 1958 aka gano shi, a wani ɗakin bincike na Amurka, aka ba shi suna melatonin. Tarihin wannan sinadari yana bayyana wani ɓangare na tarihin dawakin Gwandu, yana kuma da abin da zai faɗa wa mai turke a Dalijan ko Kalgo a yau.

Baƙo daga ƙasar dogon dare

Asalin dokin gida ba Afirka ba ne. Wani babban nazari kan ƙwayoyin gado na tsofaffin ƙasusuwan dawaki, wanda aka wallafa a 2021 ƙarƙashin jagorancin Ludovic Orlando, ya nuna cewa dawakin da ake hawa a duniya a yau sun fito ne daga filayen ciyawa da ke tsakanin kogin Volga da kogin Don, a kudancin Rasha ta yanzu, kuma sun fara bazuwa wajen shekara 2200 kafin haihuwar Annabi Isa. A can, rana takan kai kusan awa 16 a watan Yuni, ta koma awa 8 da 'yan mintuna a Disamba, lokacin da ƙanƙara ke rufe ciyawa. Duƙushin da aka haifa cikin wannan sanyi ba ya kai labari. Wanda ya zo a Afrilu ko Mayu, ciyawa na tsirowa, nonon uwa na kawowa, shi ne yake rayuwa har ya bar baya.

Tunda ciki wata 11 ne, godiyar da za ta haihu a Mayu sai ta ɗauki ciki a Yunin shekarar da ta gabata. Tana buƙatar alamar da za ta sanar da ita shekara guda kafin lokaci. Zafi da sanyi suna yaudara, ruwan sama yana makara, amma tsawon dare bai taɓa saɓa alkawari ba. Da shi jikin doki ya dogara.

Da wannan gado doki ya iso ƙasar Hausa. Ƙananan dawaki, irin waɗanda ake kira ƙuru, sun daɗe a yankin. Manyan dawakin yaƙi kuwa, tare da sirdi da likkafa, sun ƙaru ne daga wajen ƙarni na 13 da na 14 ta hanyar fataucin hamada, kamar yadda masanin tarihi Robin Law ya bayyana a littafinsa na 1980 kan doki a Afirka ta Yamma. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. A farkon ƙarni na 16, zamanin da Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa ƙarfin Kebbi a Surame, Leo Africanus ya rubuta cewa Sarkin Borno yakan ba fataken arewa bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Wannan farashi, mai ɗauke da baƙin tarihin bauta, yana nuna irin ƙarancin babban doki a wancan zamani.

Yadda aka gano sinadarin

A tsakiyar ƙwaƙwalwar mutum da dabba akwai wata 'yar ƙwaya da likitoci ke kira piniyal. A jikin mutum ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba sosai. Likitan nan Galen ya siffanta ta tun ƙarni na 2. A ƙarni na 17 masanin falsafa na Faransa René Descartes ya ɗauka nan ne mazaunin rai. Daga baya likitoci da yawa suka mayar da ita ragowar halitta marar aiki.

A 1917 wasu masana biyu a Amurka, McCord da Allen, suka lura cewa idan aka zuba wa talibambam ruwan piniyal na saniya, fatarsa takan yi haske. Shekara 40 bayan haka, Aaron Lerner, likitan fata a Jami'ar Yale, ya bi wannan sawu yana neman maganin cutar da ke sa fatar mutum ta yi dabbare-dabbaren fari. Shi da abokan aikinsa suka tattara piniyal na shanu fiye da dubu 200 daga mahauta, suka tace, har a 1958 suka ware ɗan ƙanƙanin sinadarin da ke aikin. Maganin fata bai samu ba, amma an sami abin da ya fi shi. A farkon shekarun 1960 Julius Axelrod da Richard Wurtman suka bayyana yadda jiki ke haɗa shi da yadda haske ke hana haɗawar. A 1965 Roger Hoffman da Russel Reiter suka nuna, a jikin wani ƙaramin ɓera, cewa dogon dare yana shanye gaɓoɓin haihuwa, kuma idan an cire piniyal hakan ba ya faruwa. Daga nan aka fahimci cewa wannan 'yar ƙwaya ita ce ke fassara wa jiki tsawon dare.

Daga ido zuwa fitsari

A jikin doki aikin yana farawa ne daga ido, kuma idon doki na cikin mafi girma a dabbobin tudu. A bangon ido na ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba gani ne aikinsu ba, auna haske suke yi, kuma shuɗin haske ya fi motsa su. Su ke aika saƙo zuwa wani ɗan gungun jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne babban agogon jiki. Daga can saƙon yakan gangara ta lakar wuya, ya bi wani ƙullin jijiya a saman wuyan, sannan ya sake haurawa zuwa piniyal. Muddin akwai haske, hanyar a toshe take. Da duhu ya shiga, jijiyoyin sai su saki sinadarin noradirenalin a kan piniyal, aiki ya tashi.

Kayan haɗin daga abinci yake zuwa. Tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin da doki ke samu a hatsi da harawa, shi jiki ke juyawa zuwa serotonin. Da rana serotonin yakan taru a piniyal. Da dare wasu sinadaran narkarwa guda biyu sukan juya shi, mataki biyu, ya zama melatonin. Piniyal ba ta da rumbun ajiya. Abin da ta haɗa nan take yake shiga jini da ruwan ƙwaƙwalwa.

Rushe shi ma da sauri ne. Jini yana kai shi hanta, hanta ta sauya masa siffa, ta ɗaura masa wani gishiri domin ya narke a ruwa, ƙoda ta tace shi, ya fita da fitsari. Domin ba ya daɗewa a jini, da gari ya waye ko aka kunna fitila, yawansa sai ya faɗi cikin ɗan lokaci. A nan hikimar take. Da sinadarin yana kwana yana wuni a jini, da bai iya zama ma'auni ba. Saurin gushewarsa ne ya sa tsawon lokacin da yake yi a jini ya zama daidai da tsawon daren. Yawansa ya bambanta ƙwarai daga doki zuwa doki, don haka abin da jiki ke karantawa shi ne awa nawa ya yi, ba yawansa ba.

Idan awannin suka yi tsawo, ƙwaƙwalwar godiya takan rage sakin homon ɗin da ke tayar da ƙwan haihuwa, sai ta daina neman barbara. Idan suka gajarta, sai zagayen ya dawo: kusan kowane kwana 21, takan yi kwana 5 zuwa 7 tana karɓar ingarma. Gajeren dare yana kuma ƙara homon ɗin furolaktin, wanda ke sa doki ya zubar da dogon gashin sanyi. Tumakin Turai akasin haka suke: dogon dare ne ke tayar musu da sha'awa, domin cikinsu wata 5 ne kawai. Saƙo ɗaya ne, kowace dabba da yadda take fassara shi gwargwadon tsawon cikinta.

Doki yana da wani abu nasa na daban. Barbara Murphy, masaniya 'yar ƙasar Ayalan, ta gano tare da abokan aikinta cewa idan aka matsar wa dawaki lokacin haske da duhu da awa 6, melatonin ɗinsu yakan bi sabon tsarin tun ranar farko, alhali ɗan Adam yakan yi kwanaki yana fama. A wani nazari na 2011 sun ga cewa idan aka tsare dawaki cikin duhu ba yankewa, hawa da saukar sinadarin ba sa bin tsarin awa 24 yadda ake gani a wasu dabbobi. Ma'ana, piniyal ɗin doki ta fi sauraren hasken da ke gabanta kai tsaye.

Fitila a barga

Turawa sun fara amfani da wannan sirri tun kafin su san sunansa. Tun ƙarni na 19 masu tseren dawaki a Ingila suka tsayar da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwar duk dokin tsere, ko da wane wata aka haife shi. Duƙushin da ya zo a Fabrairu zai yi tsere da wanda ya zo a Yuni a matsayin tsara, kuma ya fi shi girma da ƙwari, ya fi shi kuɗi a kasuwa. Doka ta ce a haihu da wuri, jikin godiya ya ce sai dare ya gajarta.

A 1947 wani masani a Ingila mai suna Burkhardt ya nuna cewa hasken lantarki a barga yana gaggauto dawowar zagayen godiya. Daga baya wannan ya zama al'ada a Newmarket da Kentucky da Ayalan: daga farkon Disamba ake ba godiya awa 16 na haske da awa 8 na duhu, hasken da ya isa mutum ya karanta jarida a kowace kusurwar ɗaki. Bayan kimanin kwana 60 zuwa 70 sai ta shirya, a kai ta ga ingarma a tsakiyar Fabrairu. Masana a Faransa sun gano cewa awa 14 da rabi na haske sun wadatar, kuma ko awa ɗaya tak ta isa idan aka kunna ta bayan kimanin awa 9 da rabi da shigar duhu. Sun kuma nuna cewa idan aka ba godiyar melatonin da yamma, amfanin fitilar yakan rushe, domin jikinta yana ɗauka har yanzu dare dogo ne. A farkon shekarun 2010 binciken Murphy a Dublin ya haifar da wani takunkumin fuska mai suna Equilume, mai haska shuɗin haske kaɗan a ido ɗaya, don godiya ta ci gaba da kiwo a fili ba tare da an kulle ta ba.

A Amurka kuma, Dan Sharp da abokan aikinsa sun cire piniyal daga wasu godiyoyi. Godiyoyin ba su daina zagayen shekara ba, amma sun daina amsa kiran fitila. Wannan ya nuna cewa akwai wani agogon shekara a jikin doki, melatonin kuwa saita shi yake yi. Wasu nazarce-nazarce sun ƙara da cewa godiya mai ƙiba da ƙoshi takan ci gaba da zagayenta har cikin hunturun Turai, ramammiya kuwa takan tsaya da wuri, ta dawo a makare. Haske yana da murya, abinci ma yana da tasa.

Inda dare ba ya sauyawa sosai

Gwandu tana kan kimanin digiri 12 da rabi arewa da layin ikweta. A nan rana mafi tsawo, a ƙarshen Yuni, ba ta kai awa 13 ba. Mafi gajarta, a ƙarshen Disamba, ta haura awa 11. Tazarar duka kusan awa ɗaya da rabi ce, alhali a Newmarket ta kusa awa 9. Da a ce awa 14 da rabi na haske sharaɗi ne da ba ya karyuwa, da babu godiyar da za ta taɓa haihuwa a ƙasar Kebbi. Ga shi kuwa suna haihuwa tun ɗaruruwan shekaru.

Wannan ba ya nufin agogon ya mutu. Wani nazari da aka wallafa a 1982 kan godiyoyin Meziko, tsakanin digiri 15 da 22, ya ga cewa har a can aikin ƙwan haihuwa yana ƙaruwa a watannin doguwar rana, yana raguwa a na gajeruwa. Amma gwargwadon kusantar ikweta, gwargwadon yawan godiyoyin da ke zagaye duk shekara. Muryar dare tana raguwa, muryar ciyawa tana ƙaruwa. Makiyayan Sakkwato da Kebbi sun san misalin wannan a garkensu: jar akuyar Sakkwato tana haihuwa a kowane lokaci na shekara, saɓanin awakin Turai.

A ƙasar Gwandu alamun biyu ma hanya ɗaya suke nunawa. Rana mafi tsawo tana zuwa ne daidai da faɗuwar damina. Godiyar da ta rame a bazara, lokacin da harawa ta ƙare, fili ya zama ƙura, takan murmure a Yuli da Agusta idan ciyawa ta fito. Idan ta ɗauki ciki a lokacin, za ta haihu a Yuni ko Yulin baɗi, daidai da sabuwar ciyawa. Sai dai daminar da ke kawo ciyawa ita ke kawo kaska da ƙudaje da ƙananan ƙwarin dare masu yaɗa annobar dawakin Afirka, cutar da kan kashe har kashi 90 cikin 100 na dawakin da jininsu bai saba da ita ba. A fadamun Gulbin Kebbi, inda ruwa ke kwanciya watanni, ciyawa da cuta maƙwabta ne.

Da wannan za a iya sake karanta tarihin Gwandu. Wajen 1820, bayan rasuwar Shehu a 1817 da saɓanin da ya biyo kan gadon mulki, Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki a yaƙin Kalambaina, kusa da Gwandu. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello yana kan ingarman yaƙi, Abdullahi yana kan godiya irin ta malamai. Bello ya yi haramar sauka don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Labarin sulhu ne, amma ya adana wata al'ada: ingarma ake kaiwa fagen fama, godiya kuwa tana gida, mafi yawa a ƙauyuka inda kiwo yake. Bargar fada, ƙarƙashin kulawar Shamaki, cike take da maza. Makomar rundunar Madawaki tana turakun karkara, a garuruwa irin su Dalijan da Kambaza, inda abin da aka girbe a kaka ke yanke hukuncin ko godiya za ta kai damina da ƙwarinta.

Buƙatar kuwa ba ta da iyaka. Gwandu ce ke kula da Nupe da Ilori, ƙasashen da ƙudan tsando ke yaɗa sammore, inda dokin arewa ba ya daɗewa, dole a riƙa maye gurbinsa. Wajen 1840 mayaƙan Ibadan sun karya dawakin Ilori a Oshogbo da harin dare, lokacin da barde ba ya iya amfani da dokinsa. A gida kuma, daga 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa daga Argungu, aka shiga yaƙin da ya ci rabin ƙarni, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Heinrich Barth, wanda ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da gari cikin fargabar hare-hare. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a yaƙi da Kabawa. Ana fita yaƙi ne da rani, bayan girbi, idan koguna sun janye. Kowace fita tana cin dawaki, godiya kuwa ɗa ɗaya take bayarwa a shekara, shi ma idan ta ƙoshi. Shi ya sa sarakuna ba su taɓa daina sayen dawaki daga Azbin da Borno da makiyayan Sulluɓawa ba, kuma doki ya zama kyautar da babba ke ɗaure ƙarami da ita.

Bayan bindiga mai ruwa

Ranar 15 ga Maris, 1903, Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila, bindiga mai ruwa ta kawo ƙarshen zamanin barade. Bayan tarzomar Satiru ta 1906 aka mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, inda take har yau. Doki ya tashi daga kayan yaƙi ya koma kayan ado da martaba: hawan Sallah, tarbar manyan baƙi, sukuwa, angwanci, da wasan folo wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka. Mota da babur sun karɓe tafiya. Tun kafa Jihar Kebbi a 1991, har yanzu hakimi ba ya cika hakimi ranar Sallah sai da dawaki a bayansa.

Abin da ke cikin haɗari a yau shi ne kiwon godiya. Mai kuɗi ingarma yake so, wanda zai hau a gan shi. Godiya kuwa ci take yi wata 11 kafin a ga amfaninta, ga tsadar dawa da dusa da harawa. Idan turakun karkara suka daina riƙe mata, dokin gida mai jure zafi da cututtukan wannan ƙasa zai ragu, a koma dogaro da na saye daga ƙetare, wanda ya fi saurin faɗuwa idan annoba ta zo.

A nan ne sanin melatonin yake da amfani na zahiri. Mai turke da ya ga bidiyon bargar Kentucky a Facebook ko YouTube yana iya ɗauka fitila ce sirrin haihuwa. Kayan aro ba ya rufe katara. An ƙirƙiro wannan dabara ne don warware matsalar ƙasar da darenta ke kai awa 16, da kuma dokar 1 ga Janairu, kuma babu ɗaya daga cikinsu a Dalijan. Godiyar da ta ƙi ɗaukar ciki a ƙasar Gwandu, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne haƙarƙarinta, da tsutsar ciki, da kaska, da lafiyar mahaifa, da ingarman da aka kai ta gare shi. Ƙwayar melatonin da ake sayarwa don barcin mutane kuwa, saƙon dogon dare take kai wa jikin godiya, wato akasin abin da mai neman duƙushi yake so.

Akwai kuma sabon abu da kakanni ba su sani ba. Fitilun sola masu farin haske, waɗanda shuɗi ya yi yawa a cikinsu, sun shiga gidaje da barguna, kuma saboda tsoron ɓarayi akan bar su a kunne har asuba. Dabbar da piniyal ɗinta ke bin haske kai tsaye, wadda ɗan haske a ido ɗaya ya isa ya dakatar mata da melatonin, tana iya rasa darenta gaba ɗaya a irin wannan barga. Ko masu kiwon Turai, da ke tsawaita rana da gangan, suna barin awa 8 na duhu. Juya fitilar ta kalli ƙofa da katanga maimakon turke, ko amfani da jan haske mai rauni, yana ba da tsaro ba tare da an hana doki duhunsa ba.

Ilimin ma ya fara samun gindin zama a gida. Masana a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi nazari kan tasirin melatonin a jikin jakunan dako a lokacin zafi, domin sinadarin yana kuma taimaka wa jiki wajen rage lahanin wahala. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana da irin wannan tsangaya, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma tana kan hanyar Kalgo. Tsakanin waɗannan makarantu da turakun masarautar Gwandu tafiyar 'yan awanni ce. Littafi guda a kowace barga, mai ɗauke da ranar barbara da ranar haihuwa da abin da godiya ta ci, zai tara cikin shekaru kaɗan ilimin da ya dace da dare mai awa 11 zuwa 12 da rabi.

Tsofaffin masu dawaki sun riga sun tsara aikinsu bisa wannan ƙasa: a tara harawa a kaka a ɗora bisa rumfa, a haɗa dusa da kanwa, a tayar da hayaƙi a barga da magariba don korar ƙwari, a kai godiya ga ingarma bayan ta murmure. Abin da binciken shekara 60 ya ƙara musu shi ne dalili. Doki ya zo da agogon da aka saita a ƙasar ƙanƙara, yana haɗa melatonin kowane dare, hanta tana share shi kowace safiya, a Dalijan kamar yadda yake yi a bakin Volga. A can tsawon dare ne ke yanke hukunci. A ƙasar Gwandu, godiyar da ta sami duhunta da dare, ta kuma kai ƙarshen bazara da sauran harawa a kan rumfa, ita ce za a ga duƙushi a bayanta idan damina ta zagayo.